Faifan punk ba ya neman gyara

Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya zo gaishe ni. Yaron yana aiki a wani ɗan situdiyo a Kano, irin wanda ake haɗa waƙoƙin biki da na siyasa da fiyano da kwamfuta, kuma ya iya aikinsa, ban raina masa ba. Ya tarar da ni a tsakar gida na kunna faifan farko na Ramones, wata ƙungiyar mawaƙan punk ta New York. Ya tsaya ya saurara kamar minti ɗaya, ya yamutsa fuska, sannan ya ce, "Kawu, wannan ai ba a gama aikinsa ba. Turo min shi, awa ɗaya ta ishe ni in gyara maka. In daidaita muryar, in rage ƙarar jitar nan, in sa gangar ta zauna."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, taimakona yake son yi. Amma maganar ta tsaya min a rai har na kwanta, domin ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba. Duk wanda na taɓa kunna wa irin wannan kiɗa, in bai ce hayaniya ba ce, zai ce masu shi ba su iya ba.

Ga matsayina tun da wuri. Faya-fayan punk da na garage rock (wato rock na gareji), kiɗan jita da ganga mai ƙara da gudu, an gama su, kuma haka masu su suka so su fito. Abin da yaron nan yake son cirewa shi ne ya sa mutane ke riƙe da su kusan shekara hamsin. A cikinsu kana jin mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, da kayan da hannunsu ya kai, suna amayar da abin da ke cin su ba tare da sun jira wani ya ce musu sun isa ba. In aka goge wannan, babu sauran abin saurara.

Kaset a motar Kwatano

Wajen ƙarshen shekarun 1990 babban wanmu ya sayi mota 'yar Kwatano. Ranar da aka sa ni wanke ta na tsinci kaset a aljihun gaba, ƙarƙashin wasu takardu da ba mu iya karanta harshensu ba. Irin kaset ɗin nan ne na minti 60 da mutum ke ɗaukar wa kansa a gida. A fuska ɗaya an rubuta Ramones da biro. A ɗayar an jera sunaye da ƙananan haruffa: Kingsmen, Sonics, da wasu da tawadar ta riga ta dushe.

Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Na zura kaset ɗin kawai. Motar tana da lasifika a kowace ƙofar gaba, ta gefe ɗaya wayarta ta saki, don haka abin da na fara ji ganga ce da murya da wani gurnani mai kauri a ƙasa. Wana ya zo wucewa ya kai wa ƙofar duka da tafin hannu, sai jita ta faɗo cikin motar kamar an tayar da injin markaɗe. Na zabura. Daga baya na gane dalili: a faifan an ware jita a kunne ɗaya, bes (jita mai kaurin amo) a ɗayan, ganga da murya a tsakiya. Har yau in na rufe ido ina iya nuna maka inda kowannensu yake tsaye.

Waƙa 14 ne a minti 29. Fuskar kaset ɗaya ta ɗauke shi duka, har da ragowar shiru kaɗan kafin ya tsaya. Turancina a lokacin na cin jarrabawa ne, ban kama rabin abin da suke faɗa ba. Amma na ji sauri, na ji haushi, na ji wasa, kuma na ji cewa waɗannan mutane ba su fi ƙarfina ba. Wannan na ƙarshen ne ya riƙe ni.

Ga wanda bai san asalin abin ba, gareji a nan ba wurin bakanike ba ne. A Amurka ɗakin ajiye mota ne da ke jikin gida. Bayan Beatles da Rolling Stones sun shiga Amurka daga Ingila a 1964, samari birjik suka sayi jita mai araha suka shige garejin iyayensu suna gwadawa. Yawancinsu ƙaramin faifai ɗaya ko biyu suka fitar suka watse. Sai a 1972 wani mai suna Lenny Kaye ya tattaro 27 daga cikin waƙoƙin nan a kundi ɗaya mai suna Nuggets, wasu samarin suka ji, suka ɗora daga nan. Su ne suka zama 'yan punk a New York da Landan tsakanin 1974 da 1977. Garuruwan biyu suna cikin matsi a lokacin: New York ta kusa tsiyacewa a 1975, Birtaniya kuma ta je neman bashi wurin IMF a 1976, marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya.

"Ai ba su iya ba"

Wannan ce ƙorafin farko, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Bari in fara da waƙar da ta buɗe ɗaya fuskar kaset ɗina.

A watan Afrilun 1963 wasu samari da ake kira Kingsmen suka shiga wani ɗan situdiyo a Portland suka ɗauki Louie Louie da kuɗin da bai kai dala 100 ba. An rataye makirufo a sama, mawaƙin sai da ya ɗaga kai yana ihu kafin a ji shi, ga ƙarfen gyaran haƙori a bakinsa. Bayan an gama kaɗa jita a tsakiyar waƙar ya shigo da baiti kafin lokaci, ya gane, ya yi shiru, mai ganga ya rufa masa asiri da 'yan bugu, sannan ya sake shigowa. Haka aka bar shi. Waƙar ta kai ta biyu a jadawalin Billboard, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Saboda ba a jin kalmomin sosai, iyaye suka yi zargin batsa ce aka ɓoye, har hukumar FBI ta shafe watanni tana sauraron faifan a hankali da sauri, ta ƙare da cewa ba ta iya gane abin da yake faɗa ba.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne ƙungiyoyin da suka riƙa kwaikwayon waƙar daga baya, da yawa har kuskuren suke kwaikwaya. Su shigo da wuri, su dakata, su sake. Tuntuɓen ya zama gaɓa a jikin waƙar. Duk lokacin da na kai wurin nan ina jin gabana ya ɗan faɗi tare da na mawaƙin, sannan in ji sanyi idan abokinsa ya tare shi. A daƙiƙa uku ka ga tsoro, ka ga zumunci. Wace manhaja ce za ta ba ka wannan?

Ita ma ƙarar jitar da yaron ke son ragewa, da gangan aka nemo ta. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks, yana ɗan shekara 17, ya sa reza ya tsaga fatar lasifikarsa don ya sami wannan ɓararren amon da ake ji a You Really Got Me. Sonics na garin Tacoma, a faifansu na 1965, sun riƙa cika na'urar ɗauka har ta wuce ƙa'ida, don su ji abin ya fito yadda yake fita a zauren rawa. Mutumin da ya san abin da yake nema har ya lalata kayansa don ya same shi, ba za ka ce masa bai sani ba.

Sannan sauƙin da ake gani a kiɗan Ramones yaudara ce. Johnny Ramone ƙasa kawai yake bugun tsirkiya, ba ya dawowa sama, kuma da gudun da ka ji. Duk mai jita ya gwada haka na minti biyu ba tare da wuyan hannunsa ya ƙage ba, sai ya zo mu yi magana. Su kuwa haka suke jera waƙa bayan waƙa a dandali, tsakaninsu babu komai sai ƙirgen ɗaya, biyu, uku, huɗu daga bakin mai bes.

Mu da muka tashi da jin Ɗan Maraya Jos bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa bai fi tafin hannu ba, amma da shi mutumin nan ya yi wa karen mota da talaka waƙar da har yau ba ta mutu ba. Ban taɓa jin wanda ya ce a ƙara masa tsirkiya biyar don aikin ya cika ba.

Na yarda akwai waɗanda da gaske ba su iya ba. Sid Vicious na Sex Pistols sunan mai bes kawai yake ɗauke da shi, kusan duk bes ɗin da ke kundinsu na 1977 mai jitarsu Steve Jones ne ya kaɗa. Kundin ma kansa an ɗauki watanni ana ɗora jita kan jita a hannun ƙwararren mai haɗa sauti. Don haka ba kowane faifan punk ne aka yi a tsaye ba, kuma ba kowane mara kyan ɗauka ne ke da daɗi ba. Akwai tarin shara a wannan fanni kamar kowane. Waɗanda suka rayu su ne masu waƙa a ƙarƙashin ƙurar.

"Duk iri ɗaya ne"

Baƙon da bai saba ba, in ya ji kalangu zai ce bugu ɗaya ake ta maimaitawa. Mahauci kuwa yana jin kirarinsa a ciki tun daga nesa. Kunne ne ke buƙatar zama.

Ka ɗauki Fun House na Stooges, 1970. An kwashe kayan tare sauti daga situdiyon a Los Angeles, Iggy Pop ya riƙe makirufo a hannu kamar yana gaban jama'a, aka yi ta maimaita waƙa ɗaya a yini har ta nuna. Kiɗan yana tafiya a hankali, da nauyi, yana ƙara zafi har ya ƙare a hargitsi. Ka ajiye shi kusa da Pink Flag na Wire, 1977, waƙa 21 a kusan minti 35, wasu ba su kai minti ɗaya ba, da zarar maganar ta ƙare waƙar ta tsaya cak. Ka kawo Buzzcocks, waɗanda kusan duk kukansu na soyayya ne da kunya da rashin sa'a. Ka kawo Clash da suka sa waƙar reggae ta Junior Murvin a kundinsu na farko. Wanda ya ce waɗannan abu ɗaya ne bai ba su ko zama biyu ba.

Nan ne kuma dalilin da ya sa nake maganar kundi gaba ɗaya, ba waƙa ɗaya da aka tsinto a waya ba. A 1973 ƙungiyar Yes ta fitar da faifai biyu a haɗe masu ɗauke da waƙa huɗu kacal, kowace ta cinye fuska guda. Haka kiɗan rock ya koma a lokacin: manyan filaye, manyan motocin kaya, mai jita ya yi minti goma yana nuna gwaninta. Ban ce babu kyau a ciki ba. Amma yaron da ke zaune a unguwar Queens ta New York ba aiki, in ya kalli wannan, abin da zai gane shi ne ba da shi ake ba. Sai ga Ramones a watan Afrilun 1976 da faifan da aka ɗauka cikin kwanaki kaɗan a kan dala 6,400, babu waƙar da ta kai minti uku. Faifan dukansa amsa ce, kuma ba ka jin amsar sai ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ka ji yadda ba ya ba ka damar numfashi, ka ji ya ƙare alhali kana neman ƙari. Yana mutunta lokacinka. Ya faɗi abin da ya kawo shi ya tashi, kamar baƙon kirki.

Bai yi kasuwa ba a lokacin, ya tsaya a na 111 a Billboard, sai 2014 ya kai matsayin zinare, shaidar da ake ba faifan da ya sayu sosai. Amma waɗanda suka saye shi ba ajiye shi suka yi ba.

Batun tarbiyya

A nan ba zan yi wa kowa kwana-kwana ba, domin ni ma uba ne. Hukuncin kiɗa kansa na bar wa malamai, kowa ya san inda ya tsaya. Ina magana ne da wanda yake sauraron kiɗa, yake tambaya ko wannan bai fi sauran lalacewa ba.

Akwai ɓarna a tarihin punk, mai yawa. Sid Vicious ya mutu a watan Fabrairun 1979 yana ɗan shekara 21, muguwar ƙwayar nan ta heroin ce ta kashe shi. Ita ce ta kashe Dee Dee Ramone, mai bes na Ramones, a 2002. A faifan nan da nake yabo akwai waƙa a kan shaƙar gam, kuma duk wanda ya ga abin da sholisho ya yi wa yaran unguwanninmu ba zai ji ta a matsayin wasa ba. Ni tsallake ta nake yi in yara suna kusa. Wasu 'yan punk na farko a Landan sun rataya tambarin 'yan Nazi a jiki don kawai su ɓata wa iyayensu rai, iyayen da suka ga Yaƙin Duniya na Biyu da idonsu. Wauta ce da rashin kunya, ba ni da wata kalma da zan rufe ta da ita.

Abin da nake so a lura da shi shi ne daga cikin gidan aka fara tsawatarwa. A 1981 wasu samari a Washington, Minor Threat, suka fitar da waƙa ta daƙiƙa 46 mai suna Straight Edge, mawaƙinsu Ian MacKaye yana cewa shi ba ya sha, ba ya shaƙa, yana da abin yi da ya fi wannan. Daga waƙar nan aka sami jama'a guda a cikin punk da suka haramta wa kansu giya da ƙwaya da taba, suna zana alamar X a bayan hannu. Alamar ma asalinta ita ce wadda masu gidajen rawa ke yi wa yaran da ba su kai shekarun shan giya ba, su kuma suka mayar da ita abin alfahari. A Landan kuwa, ranar 30 ga Afrilun 1978, dubban mutane suka yi tattaki zuwa Victoria Park don taron Rock Against Racism, na yaƙi da wariyar launin fata, a daidai lokacin da jam'iyyar National Front ke farautar baƙaƙe da 'yan Asiya a tituna. Clash sun yi wasa a ranar, tare da Steel Pulse masu reggae, da X-Ray Spex, wadda jagorarta Poly Styrene 'yar wani Basomale ce. Kundinta na 1978 kusan dukansa a kan yadda talla da kayan roba ke cinye hankalin matasa ne, maganar da ta fi dacewa da yau fiye da ranar da aka yi ta.

Kiɗan da ke barin matashi ya faɗi abin da ke ransa ba tace ba, dole ka ji mai daɗi da mara daɗi. Na fi son in san abin da ke cin yaro, ko da zai ɓata min rai, a kan in ji ana ta yi masa waƙar motoci da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Wannan ta biyun ma tana lalata tarbiyya, sai dai ita tana zuwa da turare.

"Ai su ma an saye su"

An saye su, wasunsu tun da wuri. Clash sun sa hannu da kamfanin CBS a kan fam 100,000 a farkon 1977. Sex Pistols sun bi ta kamfanonin EMI da A&M kafin su zauna a Virgin, kuma manajansu Malcolm McLaren mai shagon tufafi ne da ya san yadda ake sayar da fitina. CBGB, ɗan gidan rawar da Ramones suka taso a New York, an rufe shi a 2006, wurin ya koma shagon kaya masu tsada. Ni da kaina na ga riga mai tambarin Ramones a dilar gwanjo, mai sayarwa yana ce min ta ƙungiyar ƙwallo ce.

Sai dai akwai abin da ba a iya saye ba, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar duka. Ranar 4 ga Yunin 1976 Sex Pistols suka yi wasa a wani ƙaramin zaure a Manchester, mutanen da suka zo ba su wuce 40 ba. A cikinsu akwai waɗanda daga baya suka kafa ƙungiyar Joy Division, akwai wanda ya zama mawaƙin ƙungiyar Smiths. Ba su fita suna cewa sun ga gwanaye ba. Sun fita suna cewa, in waɗannan za su iya, mu me muke jira? Ɗalibai biyun da suka shirya wasan su ne suka kafa Buzzcocks. A watan Janairun 1977 suka ranto fam 500 wurin 'yan uwa da abokai, suka buga ƙaramin faifai mai waƙa huɗu, Spiral Scratch, da sunan kamfaninsu na kansu. Kwafi 1,000 suka fara bugawa, suka ƙare da sayar da kusan 16,000. A watan nan dai wata 'yar mujalla da ake bugawa da hannu, Sideburns, ta zana kamun yatsu uku a wuyan jita, ta ce wa mai karatu ga uku nan, je ka kafa ƙungiya.

Ian MacKaye ɗin nan ya riƙe wannan hanya har girma. Kamfaninsa Dischord tun 1980 yake, ƙungiyarsa ta daga baya, Fugazi, kuwa ta yi shekaru tana karɓar dala 5 a ƙofa, tana ƙin wasa a inda za a hana yara shiga.

Kowane kiɗa na iya sa ka tafa. Kaɗan ne ke sa ka tashi ka nemi abin kaɗawa.

"Na Turawa ne, me ya haɗa mu?"

A New York da Landan aka raɗa masa suna, wannan haka yake, ba kuma zan ƙaƙaba wa Kano tarihin da ba nata ba. Amma ko a can ba na farare kaɗai ba ne. A Detroit wasu 'yan uwa uku baƙaƙe, 'yan gidan Hackney, sun ɗauki waƙoƙi a 1975 da sunan Death, da gudu da zafin da ya riga faifan Ramones. Kamfani ya ce su sauya suna, suka ƙi, aka rufe musu ƙofa. Zaren ɗaukar ya kwanta a ɗaki fiye da shekara talatin, sai 2009 duniya ta ji shi. Bad Brains na Washington, su ma baƙaƙe, su ne suka koya wa samarin garin yadda ake gudu ba tare da an zube ba. A Lima ta ƙasar Peru, Los Saicos suna ta ihu da Sifaniyanci tun 1965, ba su taɓa jin kalmar punk ba. A Zambiya ta shekarun 1970 akwai WITCH da Ngozi Family da ɓararriyar jitarsu. A Legas 'yan makarantar St. Gregory's ne suka kafa Ofege, suka fitar da kundi a 1973 tun suna ɗalibai. Ba punk suke yi ba, amma garejin ɗaya ne.

Ko kai da ka ce ba ka taɓa jin garage rock ba, in kana zuwa gidan kallon ƙwallo ka ji shi. Amon nan mai gaɓa bakwai da 'yan kallo ke rerawa a filayen Turai in an ci ƙwallo, daga kundin Elephant na White Stripes ya fito, 2003. Mutum biyu ne kacal, jita da ganga, a wani ɗan situdiyo a Landan mai tsofaffin na'urori, babu kwamfuta.

Wanda ya fi kusa da mu kuwa yana arewa da mu kaɗan. Mdou Moctar, Ba'abzine daga Nijar, gidansu ba sa son kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Babu kamfanin da ya raba shi. Daga waya zuwa waya ya bi, ta bulutut da memori, ya ratsa Sahara har ya faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya sa waƙarsa a wani kundi na waƙoƙin wayoyin hamada a 2011. Kamfanin mutumin, Sahel Sounds, a Portland yake, garin da Kingsmen suka yi tuntuɓensu. Yau Mdou yana cika zaure a Amurka da Turai, masu son punk na rububinsa, shi kuwa kiɗan da ya saba yi a bukukuwan Agadas da janareto da amfilifaya mai tsatsa yake yi musu, yana zagin mulkin mallaka da masu kwashe arzikin ƙasarsa.

Ga kuma abin da ya sa na sassauta wa ɗan yayata. Anar ɗin nan cike yake da na'urar lanƙwasa murya, irin wadda ake sa wa waƙoƙin finafinan Hausa, domin ita ce ke situdiyon Sakkwato a lokacin. Mdou ya same ta ya yi aiki da ita, kamar yadda Dave Davies ya sami reza. Ashe rigimata ba da kwamfuta ba ce. Rigimata da tunanin nan ne cewa duk abin da ya fito daga bakin mutum sai an goge shi ya yi santsi kafin ya cancanci a ji, har mawaƙa goma su fito da murya ɗaya, ganga ɗaya, babu mai numfashi, babu mai tuntuɓe.

Da ya dawo ranar Laraba na zaunar da shi, na ce masa, "Ɗana, ɗakin nan naku mai fanka ɗaya da katifa a bango, shi ne garejinku. Kayan da ke gabanka sun fi duk abin da Kingsmen suka taɓa gani. Abokanka nawa ne suke da magana a ciki, kana ce musu su dawo in sun iya?"

Ya yi shiru, ya ce akwai wani yaro mai gyaran waya a layinsu da yake rubuta waƙa a kan rashin wuta da kuɗin makaranta, amma muryarsa tana karcewa in ya ɗaga ta, shi ya sa bai taɓa ɗaukarsa ba. Na ce ya kira shi, ya kira mai kalangu ɗaya, ya kunna na'ura, kada ya taɓa komai sai sun gama.

Bai ce min to ba. Ya dai karɓi wayata ya tura wa kansa Louie Louie, ya sa abin ji a kunne, na ga yana mayar da ita baya yana sake sauraron wurin da mawaƙin ya shigo da wuri. Sau uku ya mayar. Da zai tafi ya ce, "Kawu, mai gangar nan ya kyauta masa." Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci situdiyon babu kowa, zai ga ko yaron zai samu zuwa.